Labarin Madubin Likita, Daga Holan Har Garki

 

Yau za mu ba ku labarin wani kayan aiki wanda da yawanku kun taɓa gani bisa tebur a asibiti, amma ba ku taɓa leƙa cikinsa ba. Kun kai yaro da zazzaɓi. Malamin asibiti ya kama ɗan yatsansa, ya soka masa tsinin allura, ya ɗiga jini a kan ɗan fallen gilashi, ya ce ku jira. Can sai ku hango shi ya sunkuya bisa wani ƙarfe mai lanƙwasasshen wuya, ya kafa ido, yana murɗa wani abu da hannu. Wannan ƙarfe shi ne madubin likita. Waɗansu su kan ji haushin jiran, su ce ai da allura aka yi wa yaron da tuni sun isa gida. Waɗansu kuma su kan yi zargi a zuci, su ce me za a yi da jinin ɗansu? Saboda waɗannan mutane mu ka shirya wannan jawabi. Ku saurara da kyau, don ƙasarmu ta Jigawa tana da rabonta babba cikin labarin.

IDO YANA DA IYAKA

Allah ya yi wa idon ɗan Adam iyaka. Mutum ya kan ga ƙwayar gero, ya ga ƙuma, ya ga ƙwan kwarkwata in ya lura. Daga nan sai gani ya ƙare. Amma halitta ba ta ƙare a nan ba. A cikin ɗigon jini wanda bai fi kan allura ba akwai jajayen ƙwayoyi kimanin miliyan 5, watau sun fi yawan mutanen da aka ƙirga a Jihar Jigawa duka a ƙidayar 2006. Ƙwayar cutar zazzaɓin sauro kuwa a cikin ɗaya daga waɗannan jajayen ƙwayoyi ta ke ɓuya. To, ina ido zai gan ta?

Aikin madubin likita shi ne ya ƙara wa abu girma a ido. Gilasai ne masu doro aka jera cikin bututu, ɗaya kusa da abin da a ke dubawa, ɗaya kusa da ido, haske yana ratsowa daga ƙasa. Irin wanda ke asibitocinmu ya kan ƙara girman abu har sau 1,000. Da za a iya ƙara wa ƙwayar gero girma haka, da ta kai tsawon ƙaton namiji ko ta ɗara.

MAFARIN ABIN

Tun da daɗewa masana sun yi ta tunani a kan yadda ido ke gani. Wani babban malami Musulmi, Hasan ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya yi zamansa a Alƙahira, ya rubuta littafi mai suna Kitabul Manazir. Ya nuna cewa haske ne ke fitowa daga abu ya shiga ido, kuma ya yi bayanin yadda haske ke karkacewa in ya ratsa ruwa ko gilashi. Turawa suka fassara littafin, suka yi ƙarnuka suna karatunsa.

Wajen ƙarshen ƙarni na 13 aka fara yin tabarau a Italiya saboda tsofaffi masu raunin gani. Wajen shekarar 1600 kuma masu sana'ar tabarau a Turai suka gane cewa in an jera gilashi biyu cikin bututu, ƙaramin abu sai ya zama babba. A 1665 wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya buga littafi cike da zanen abubuwan da ya gani. Ya zana ƙuma ta cika shafi, da gashinta da ƙafafunta. Ya yanka ɓawon wani itace siriri, ya ga ashe 'yan ɗakuna ne a jere kamar saƙar zuma.

Amma wanda ya fara ganin ƙananan halittu masu rai ba likita ba ne. Wani mai sayar da yadi ne a garin Delft ta ƙasar Holan, sunansa Antoni van Leeuwenhoek. Bai yi karatun jami'a ba. Shi dai Allah ya ba shi haƙuri da hannu mai kyau. Ya kan gyara ɗan gilashi ƙanƙane, ya ɗaura shi tsakanin fallen ƙarfe biyu, ya kai kusa da ido. Waɗansu gilasansa sun ƙara girman abu fiye da sau 200. A 1674 ya ɗebo ruwan wani tafki ya duba, sai ya ga 'yan halittu suna iyo suna juyawa. A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, nan ma ya same su rututu. Ya yi ta aika wasiƙu ga ƙungiyar masana ta London. Da fari ba su gaskata shi ba, sai da Hooke ya gwada da kansa ya gani. Gani ya kori ji. Leeuwenhoek ya mutu a 1723 yana da shekara 90.

Duk da haka, sai da aka ƙara fiye da shekara ɗari kafin a tabbata cewa waɗansu daga cikin 'yan halittun nan su ne ke kawo cuta. Dalili ɗaya shi ne madubai na farko ba su nuna abu sarai, gefensa ya kan yi hazo da launi-launi. A 1830 Joseph Jackson Lister a Ingila ya gyara wannan aibi. A shekarun 1870 kuma Carl Zeiss da Ernst Abbe a garin Jena ta Jamus suka ƙera madubai bisa lissafi, har da irin wanda a ke ɗiga wa mai tsakaninsa da gilashin jini. Ɗigon man nan da ku ke gani malamin asibiti yana sawa, asalinsa ke nan.

YADDA AKA KAMA ƁARAYIN ƊAYA BAYAN ƊAYA

Da madubi ya gyaru, sai asirin cututtuka ya fara tonuwa.

A 1851, a asibitin Kasrul Aini na Alƙahira, wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar da ke kawo tsargiya, watau fitsarin jini. Wajen 1870 wani masani ɗan Rasha, Fedchenko, ya nuna cewa 'ya'yan kurkunu suna zama cikin wata 'yar ƙumar ruwa wadda mutum ke haɗiyewa in ya sha ruwan tafki. A 1873 Dokta Hansen a ƙasar Norwe ya ga ƙwayar kuturta.

Ran 6 ga Nuwamba 1880, a garin Kusantina ta Aljeriya, a nan Afirka, wani likitan soja Bafaranshe, Alphonse Laveran, yana duba jinin wani soja mai masassara, sai ya ga wani abu yana motsi a cikin jinin. Kafin wannan rana Turawa ma cewa su ke yi mugun iskan fadama ne ke kawo zazzaɓi, har sunan da suka ba cutar da harshen Italiya ma'anarsa ke nan. Ran 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya sanar a Berlin cewa ya ga ƙwayar tarin fuka. A 1887 aka ga ta sanƙarau a birnin Biyana. Ran 20 ga Agusta 1897, a Indiya, Ronald Ross ya feɗe cikin sauro a ƙarƙashin madubi, ya sami ƙwayar zazzaɓi a manne a jikin tumbinsa. Shekara ɗaya bayan haka masanan Italiya, su Grassi, suka tabbatar da cewa sauro iri guda ne, mai suna anofilis, ke ɗauke ta daga mutum zuwa mutum. Shi ne wanda in ya sauka a bango ya kan ɗaga gindinsa sama, kuma macen ce ke cizo.

Akwai wata dabara da ta taimaka ƙwarai, wadda mutanen ƙasar marina za su fahimta nan da nan, ita ce rini. Yawancin ƙwayoyin cuta ba su da launi, kamar ruwa su ke. Sai an rina su kafin su fito. Wani ɗan Rasha, Romanowsky, ya haɗa rini mai kyau a 1891, wani Bajamushe, Giemsa, ya inganta shi a farkon shekarun 1900, kuma har gobe da shi a ke aiki. In an rina jinin mai zazzaɓi, sai a ga ƙwayar cutar kamar ɗan zobe shuɗi mai jan dutse. Wata kuma kamar jinjirin wata ta ke, ita ce wadda sauro ke ɗauka ya kai wa wani. Ƙwayar tarin fuka da nata rinin dabam, ta kan fito kamar jajayen tsinkaye bisa shuɗin fili. Ƙwan tsargiya ba ya bukatar rini, a kan gan shi cikin fitsari, dogo, da ƙaya guda a ƙarshensa. Kowane ɓarawo da kamarsa. Shi ya sa a ke rina gilashin, a jira ya bushe, kuma shi ya sa a ke ce muku ku zauna tukuna.

MADUBI YA ISO ƘASARMU

Babban aikin farko da madubi ya yi a ƙauyukan Arewa shi ne yaƙi da ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa. A shekarun 1920 aka kafa tashar binciken wannan ƙuda a Gadau, cikin ƙasar Katagum, maƙwabtanmu na gabas. A shekarun 1930 ma'aikata suka riƙa bin ƙauyuka da madubai cikin akwatuna. A tara mutane a gindin itace, a shafa wuyan kowa, wanda aka ji kaluluwarsa ta kumbura a zuƙo ɗan ruwanta da allura, a duba nan take. In an ga ƙwayar tana wutsil-wutsil kamar ɗan kifi, sai a fara magani. A ƙasar Zazzau har sabon gari aka gina kusa da Ancau, aka sa masa suna Takalafiya. Dabbobi ma ba a bar su ba. A 1924 aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom, kuma da madubi a ke gane sammore cikin jinin saniya.

Zazzaɓin sauro shi ya gagara. A 1954 aka fara feshin ɗakuna a ƙasar Birnin Kebbi. Ba a daɗe ba sai aka tarar sauron wurin ya daina mutuwa da ɗaya daga cikin magungunan feshin. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura aniyar kawar da cutar daga duniya. An yi nasara a Turai da waɗansu ƙasashe, amma a 1969 Hukumar ta yarda cewa abin bai yiwu ko'ina ba. Sai tambaya ta tashi: a ƙasa irin tamu, mai gajeriyar damina da sauro mai yawa, in an haɗa feshi da magani, an yi aikin yadda ya kamata ba tare da ha'inci ba, za a iya yanke cutar? Ba wanda ya san amsa. Aka ce sai a gwada.

AIKIN GARKI

Wurin da aka zaɓa shi ne gundumar Garki, arewa da Ringim. A lokacin tana cikin Jihar Kano, don ba a yanke Jigawa ba sai ran 27 ga Agusta 1991, sa'ad da Dutse ta zama babban birni. Gwamnatin Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka haɗa hannu, aka yi aikin daga 1969 zuwa 1976.

Ba a fara da ba da magani ba. Daga ƙarshen 1970 zuwa farkon 1972 kallo kawai aka yi, don a san yadda cutar ta ke tun ba a taɓa ta ba. Aka zaɓi gungun ƙauyuka takwas, aka rubuta mutanensu gida gida. Kowane mako goma a komo, a ɗauki ɗigon jinin kowa, babba da yaro, mai lafiya da marar lafiya. A rina, a ba masu duba. Shi mai duba ba leƙe ɗaya zai yi ya ajiye ba. Abin da ido ke gani a leƙe ɗaya a kan kira shi fili, to, fili 200 a ke dubawa a kan kowane gilashi, ana rubuta abin da aka gani. Ku auna wannan da dubban mutane, kowane mako goma, shekara da shekaru. Aiki ne na ciwon wuya da ciwon ido, kuma ma'aikata 'yan ƙasa ne suka ɗauki nauyinsa mai yawa.

Sauro ma bai tsira ba. Waɗansu ma'aikata su kan kwana a zaune, cikin ɗaki da waje, suna kama sauron da ya sauka a jikin mutum. Da safe a shimfiɗa farin ƙyalle cikin ɗaki, a yi feshi, a tsince wanda ya faɗo. Sa'an nan a kai su ƙarƙashin madubi, a ciro jakar miyan sauro da tsinin allura, a duba ko tana ɗauke da ƙwayar cuta.

Ga abin da madubi ya nuna. A damina, fiye da rabin mutanen ƙauyukan suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓi a jininsu, ƙananan yara kuwa kusan dukansu. Da yawa cikin manya suna noma suna cin kasuwa, ba su san suna ɗauke da ita ba. A ƙauyen Sugungum an lissafa cewa mutum guda ya kan sha cizon sauro mai ɗauke da cuta fiye da sau 100 a shekara.

A damina biyu, ta 1972 da ta 1973, aka shiga yaƙi. Aka feshe ɗakunan ƙauyuka fiye da ɗari da wani magani mai suna furofoksa. A waɗansu ƙauyuka aka tsaya ga feshi kaɗai. A waɗansu aka ƙara da ƙwayar magani ga jama'a kowane mako goma. A waɗansu kuma kowane mako biyu a damina. Aka bar waɗansu ba feshi, don a sami abin gwadawa. Wannan ita ce ƙa'idar bincike. In ba ka da abin gwadawa, ba za ka san ko maganinka ne ya yi aiki ko kuwa shekara ce ta zo da sauƙi ba, balle waɗannan shekaru na fari ne, kamar yadda dattawa za su tuna.

Sakamako ya fito. Feshi kaɗai ya rage sauro, amma bai rage masu ɗauke da cutar sosai ba. Inda aka haɗa feshi da magani kuwa, masu ɗauke da ita suka koma 'yan kaɗan cikin ɗari, mutuwar jarirai da ƙananan yara ta ragu. Amma cutar ba ta yanke ba. Ko a inda aka fi tsananta aiki, a kan sami sabon kamu. Da aka daina feshi da rabon magani, aka ci gaba da duba jini har farkon 1976, sai aka ga ta komo kamar yadda ta ke a da.

Me ya hana ta yankewa? Nan ma madubi ne ya ba da amsa. Sauron da ya fi ɓarna, wanda ido ke ɗauka iri ɗaya ne, ashe iri biyu ne, kama ɗaya sak, sai a cikin ƙwayoyin halittarsu a ke rarrabe su. Wani masani ɗan Italiya, Mario Coluzzi, da abokan aikinsa suka riƙa ciro jakar ƙwan macen sauro suna dubawa. A ciki akwai waɗansu zarurruka masu ratsi-ratsi kamar saƙi, waɗanda ke ɗauke da gadon halitta. Daga jerin ratsin suka gane iri, suka kuma gane cewa ko cikin iri guda hali ya bambanta. Wani sauro in ya sha jini sai ya sauka a bangon ɗaki ya huta, feshi ya kashe shi. Wani kuwa da ya sha sai ya fice waje, bai taɓa bango ba. Wannan na biyu shi ya riƙe cutar.

A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin wannan aiki, wanda L. Molineaux da G. Gramiccia suka rubuta. Masu lissafi kuma suka gina hanyar kintatar yaɗuwar cutar da alƙaluman Garki. Har yanzu ɗaliban zazzaɓin sauro a manyan jami'o'in duniya suna karanta sunan Garki. Manoman da suka yi ta miƙa yatsa kowane mako goma, da matan da suka yi ta fitar da kayan ɗaki don a yi feshi, ba su yi wahalar banza ba. Sun koya wa duniya cewa a ƙasa irin tamu ba a yaƙar wannan cuta da makami ɗaya, kuma ba a yaƙarta shekara biyu a koma barci.

BA A ASIBITI KAƊAI BA

Kada ku ɗauka likita ne kaɗai ke amfani da wannan madubi. A 1960 dubban talo-talo suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Da aka bincika sai aka tarar wata fumfuna ce ke fitowa a jikin gyaɗar da ba ta bushe sarai ba, tana zuba dafi mai lalata hanta. A ƙarƙashin madubi a kan ga fumfunar da 'yan kawunanta kamar na albasa mai fure. Dalilin da ya sa malaman gona ke cewa ku shanya gyaɗa da masara su bushe ƙarau kafin ku zuba a rumbu ke nan. A 1975, sa'ad da cuta ta cinye gyaɗar Arewa, 'yan ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ne suka yaɗa ta, kuma masanan Samaru ta Zariya sun yi shekaru suna neman irin da zai jure. Ƙwayar irin ƙuduji, mai kashe gero da dawa, kamar ƙura ta ke, sai da madubi a ke ƙirga ta cikin ƙasar gona.

Masu binciken ma'adinai su kan goge dutse har ya yi siriri haske ya ratsa shi, su duba su san abin da ke ciki. Masu binciken laifi su kan gwada gashi da zare. Har mai gyaran wayar hannu a kasuwa, in ya sami hali, ƙarƙashin irin wannan madubi ya ke liƙa 'yan ƙananan wayoyin da ido ba ya rarrabewa. A Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun, 'ya'yanku ne ke koyon leƙa shi.

ABIN DA YA FI ƘARFINSA

Shi ma madubin likita yana da iyakarsa. Ƙwayoyin ƙyanda, da shan inna, da zazzaɓin Lassa, sun yi ƙanƙanta ƙwarai, haske ba ya iya nuna su. A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll a Jamus suka ƙera wani madubi wanda ke aiki da kwararar lantarki maimakon haske. Irinsa na yanzu ya kan ƙara girman abu sau dubu ɗaruruwa, da shi aka ga siffar waɗannan ƙwayoyi. Saboda haka in malamin asibiti ya duba jini ya ce bai ga zazzaɓin sauro ba, bai ce yaro lafiya lau ya ke ba. Cewa ya yi a nemi dalilin zafin jikin a wani wuri.

Yanzu kuma an sami waɗansu hanyoyi masu taimakon madubi. Akwai ɗan katin gwaji wanda a ke ɗiga wa jini, cikin minti 15 zuwa 20 ya nuna layi. Shi ne a ka fi samu a ƙananan ɗakunan shan magani, inda ba lantarki ba mai duba. Akwai na'ura mai gwada majina don tarin fuka. Amma har yanzu madubi ne ke faɗin yawan ƙwayar zazzaɓi a jini, da irinta, da ko magani yana cin ta.

ABIN DA MU KE ROƘONKU

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin sauro. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Yana iya zama ciwon huhu, ko na kunne, ko taifot, ko sanƙarau. In kun sayi magani a kasuwa bisa ka, kun yi asarar kuɗi, ainihin cutar kuwa tana can tana cin yaro. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin sauro a duniya a Nijeriya su ke, kuma ƙananan yara ne ya fi kashewa. Saboda haka:

Yaro ya yi zazzaɓi, ku kai shi a gwada a ranar, kada ku jira kwana uku. Jinin da a ke ɗauka ɗigo ne, bai kai wanda ƙaya ke fitarwa a gona ba, kuma ba abin da a ke yi da shi sai dubawa.

In an ba ku magani, ku shanye shi duka ko da jiki ya yi sanyi. Ragowar ƙwayar da ba ta mutu ba ita ce ke tayar da ciwo.

In masu rabon maganin damina na yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 sun zo ƙofarku, ku karɓa, ku cika na kwana uku, kowane wata. Ɗaya daga cikin magungunan da ke ciki shi ne wanda aka yi aiki da shi a Garki. Ku kwana cikin gidan sauro, ku cike kududdufai na kusa da gida.

Wanda ya yi mako biyu yana tari, ya kai majinarsa a duba. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati, kuma a kan warke in an sha shi wata shida ba fashi.

Yaron da ke fitsarin jini, kada a ce alamar girma ce. Tsutsa ce, daga katantanwar ruwa ta ke fitowa ta shiga fatarsa sa'ad da ya ke wanka ko kamun kifi a fadama. Mutanen Miga da Auyo da duk masu zama kusa da ruwa su lura da wannan. A kai fitsarinsa a duba, maganin yana nan.

Kada wani ya ce ba a iya cin nasara. A 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Da jama'a suka gane cewa 'yar ƙumar ruwa ce ke kawo shi, suka riƙa tace ruwa da ƙyalle, aka haƙa rijiyoyi, sai ya ƙare. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma aka tabbatar wa Nijeriya cewa ta rabu da shi. Yaran yanzu sai dai su ji labarinsa a bakin kakanni.

To, jama'a, in kun sake ganin malamin asibiti ya sunkuya bisa madubinsa, ku ba shi lokaci. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, shi kuwa hakin ya ke nema. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuriya. Amin. Wassalam.